KO CUTUTTUKAN SADUWA NA DA HANNU A SANKARAR GIDAN ƘWAI?

Cikin ire-iren ciwon daji da ke kama mata, babu wanda ya kai sankarar gidan ƙwai iya ɓuya. Takan yi watanni tana yaɗuwa a cikin cikin mace ba tare da wata alama mai tada hankali ba, sai ɗan kumburin ciki da rashin cin abinci, irin abin da akan ɗauka shawara ce ko basir. Kafin a kai mai ita asibiti, sau da yawa ta riga ta yi nisa. Ƙididdigar da hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta fitar game da shekarar 2022 ta nuna cewa mata wajen 324,000 suka kamu da ita a wannan shekara kaɗai, ta kuma yi ajalin wajen 207,000. A asibitocin koyarwa na Nijeriya kuwa, rahotannin likitocin mata sukan sa ta a matsayi na biyu, bayan sankarar bakin mahaifa, cikin ciwon dajin da ke kama gaɓoɓin haihuwa.

To, ita sankarar bakin mahaifa an daɗe da gano asalinta. Wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV, wadda ake ɗauka wajen saduwa. Wani Bajamushe, Farfesa Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka fito da iri biyu mafiya haɗari na wannan ƙwaya a 1983 da 1984, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Wannan ya ƙara wa masana ƙarfin gwiwar tambayar ko ita ma 'yar'uwarta ta gidan ƙwai tana da irin wannan asali. Sun yi wajen shekara talatin suna bin sawun maganar. Abin da suka samu ya isa a yi hattara, amma har yanzu bai kai a yanke hukunci ba.

YADDA HALITTAR TAKE

Allah ya halicci mace da gidajen ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagun mahaifa, kowanne bai wuce girman ɗan ƙaramin goro ba. Daga kowane gefen mahaifa akwai wani siririn bututu mai tsawon kamar santimita 10 zuwa 12, wanda ya miƙa zuwa gidan ƙwai. Ƙarshen bututun nan a buɗe yake, yana da 'yan yatsu kamar gezar rawani, waɗanda ke shafar gidan ƙwai. Kowane wata sai fatar gidan ƙwai ta ɗan tsage, ƙwai ɗaya ya fito, 'yan yatsun nan su cafke shi su tura shi cikin bututu. A nan yake haɗuwa da maniyyin namiji, sa'an nan ya gangara mahaifa.

Hanyar nan da ƙwai ke bi ya sauka, ita ce kuma ƙwayar cuta ke bi ta hau. Bakin mahaifa shi ne mai gadi, yana da wata majina mai kauri da ke tare baƙi. Amma akwai ƙwayoyin da kan ƙetare shi, su ratsa mahaifa, su shiga bututu su kumbura shi. Wannan shi ne likitoci ke kira kumburin mara. Wata mace takan ji shi da zafin mara da zazzaɓi da fitar ruwa mai wari, wata kuwa ba ta jin kome, sai bayan shekaru a tarar bututunta ya toshe.

CUTAR DA BA TA SALLAMA

Ƙwayoyi biyu suka fi shahara wajen kawo kumburin mara. Ta farko ita ce ta ciwon sanyi wanda kowa ya sani, wadda wani likitan Jamus mai suna Albert Neisser ya gano a 1879. Ta biyu ana ce mata kilamidiya. Ita ce aka fi zargi a cikin wannan magana.

Wasu masana biyu, Halberstaedter da von Prowazek, su suka fara hango ta da madubin likita a tsibirin Jaba a 1907, sa'ad da suke binciken amosanin ido, domin wani reshe na danginta shi ke kawo wannan ciwo mai makantarwa. Sai a 1957 wani masanin ƙasar Sin, Tang Feifan, ya iya raino ta a ɗakin gwaji, cikin ƙwan kaza. Abin da ya sa ta yi wuyar kamawa shi ne ba ta iya rayuwa a fili kamar sauran. Sai ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, ta yi ɗaki a ciki, ta hayayyafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an sami sababbin kamuwa da kilamidiya wajen miliyan 129 a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, ciwon sanyi miliyan 82, tunjere kuwa wajen miliyan 7. Mafi yawan matan da suka ɗauki kilamidiya ba su jin alamar kome, haka ma maza da yawa. Saboda haka miji kan kai wa matarsa ita bai sani ba, ita ma ta zauna da ita ba ta sani ba. An ƙiyasta cewa cikin mata goma da ba a yi wa magani ba, ɗaya ko fiye takan sami kumburin mara.

Ɓarnar da kumburin nan ke yi wa haihuwa ba abin musu ba ce. A birnin Lund na ƙasar Suwidin, Dokta Lars Weström ya yi shekaru yana bin matan da aka tabbatar sun yi shi, ya buga sakamakonsa a 1992. Cikin waɗanda suka yi sau ɗaya, 8 bisa 100 suka kasa haihuwa saboda lalacewar bututu. Cikin waɗanda suka yi sau biyu, kusan 20 bisa 100. Waɗanda suka yi sau uku ko fiye kuwa, 40 bisa 100. Har ila yau yakan jawo ciki ya zauna a bututu maimakon mahaifa, abin da kan kashe mace cikin sa'o'i kaɗan in bututun ya fashe.

ABIN DA AKA ZATA DA FARKO

Masanan farko ba su kawo cutar saduwa cikin lissafin sankarar gidan ƙwai ba, suna kuwa da hujja. Tun 1842 wani likitan birnin Berona na Italiya, Rigoni-Stern, ya duba littattafan mace-mace ya ga sankarar mahaifa ta fi kama matan aure da zawarawa, da wuya a same ta ga matan coci masu zaman zuhudu, waɗanda ba su yin aure. Amma a 1969, da Dokta Joseph Fraumeni na Amurka ya duba dalilan mutuwar irin waɗannan mata su sama da 30,000, sai ya tarar sankarar gidan ƙwai ta fi kashe su bisa ga sauran mata. Ke nan ciwon yana kama macen da ba ta taɓa sanin namiji ba.

A 1971 wani likitan Masar, Farfesa Mahmud Fathalla na Jami'ar Asyut, ya kawo bayani a mujallar likitoci ta Lancet. Ya ce tsagewar da fatar gidan ƙwai ke yi kowane wata rauni ne, jiki kuwa sai ya ɗinke shi. Macen da ba ta samun hutu daga wannan tsagewa da ɗinki, shekara da shekaru, ta fi zama cikin haɗarin wata rana ɗinkin ya karkace ya zama sankara. Wannan ya dace da abin da ake gani: goyon ciki da shayarwa suna tsayar da fitar ƙwai, kuma matan da suka haihu da yawa ba su cika kamuwa ba. Haka ma ƙwayoyin tazarar haihuwa. Wani babban nazari da aka buga a 2008, wanda ya tattara bincike 45 daga ƙasashe 21, ya nuna duk shekara biyar da mace ta yi tana shan su, haɗarin yakan ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Sa'an nan ga gado. A 1994 da 1995 aka gano wasu ƙwayoyin gado guda biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2. Macen da ta gaji lalatacciyar ta farko, haɗarin kamuwarta kafin ta cika shekara 80 ya kai wajen 44 bisa 100, ta biyun kuwa wajen 17 bisa 100. Su ne kuma ke sa a ga sankarar mama tana bin zuriya ɗaya.

ASHE DAGA BUTUTU TAKE TASHI

Abin da ya juya maganar ya fito ne daga ɗakin tiyata. Matan da suka san sun gaji lalatacciyar ƙwayar nan sukan yarda a cire musu gidajen ƙwai da bututai tun suna lafiya, don gudun abin da ya sami iyayensu. A 2001 wasu likitocin ƙasar Holan suka yanka irin waɗannan gaɓoɓi suka duba da madubi, sai suka ga alamun farkon lalacewa a jikin bututu. Bayansu Farfesa Christopher Crum da jama'arsa a birnin Boston na Amurka suka ƙara bin diddigi, suka nuna cewa tsiron yakan fara ne a 'yan yatsun nan na ƙarshen bututu, daga nan ƙwayoyinsa su zubo kan gidan ƙwai su kama.

Yau galibin masana sun yarda cewa irin sankarar gidan ƙwai da ya fi yawa, ya kuma fi kisa, watau wajen kashi 70 cikin ɗari na masu tashi daga fata, mafi yawansa daga bututu yake farawa. Har a lardin Biritish Kolombiya na Kanada aka fara wani tsari a 2010, inda ake shawartar macen da ta gama haihuwa, in za a yi mata aikin cire mahaifa ko na tsayar da haihuwa, ta yarda a cire bututan gaba ɗaya. Rahoton da suka fitar a 2022 ya nuna ciwon ya yi ƙaranci a cikin waɗanda aka yi wa haka.

Da jin wannan sai hankali ya koma kan kilamidiya. In dai sankarar daga bututu take tashi, ga kuwa ƙwayar cuta da ta shahara wajen ƙona bututu ta bar masa tabo, ai dole a tambaye ta inda take sa'ad da abin ya faru. Dama tun 1999 Farfesa Roberta Ness ta Jami'ar Pittsburgh ta kawo shawarar cewa kumburi mai daɗewa, kowane iri ne, shi ne babban abin da ke share wa ciwon hanya.

Ba baƙon abu ba ne ƙwayar cuta ta haifi ciwon daji. Tun 1911 aka lura a Masar cewa tsargiya, watau fitsarin jinin da yara ke ɗauka a kududdufi da fadama, tana tafiya tare da sankarar mafitsara. Ciwon hanta nau'in B yana kawo sankarar hanta. Ƙwayar da ke kawo gyambon ciki, wadda likitocin Ostareliya biyu, Marshall da Warren, suka gano a farkon shekarun 1980, tana kawo sankarar tumbi. An ƙiyasta cewa a 2018 wajen 13 bisa 100 na dukan ciwon dajin duniya ƙwayoyin cuta ne sanadinsu.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA TARAR

Hanya biyu aka bi. Ta farko ita ce a duba ko matan da suka taɓa yin kumburin mara sun fi kamuwa. A 1995 Risch da Howe suka yi haka a Kanada, suka ga alamar ƙarin haɗari. A 2011 aka buga wani bincike daga Taiwan, inda aka bi takardun asibiti na mata kusan 68,000 masu kumburin mara, aka gwada su da ninkinsu biyu na waɗanda ba su yi ba. Haɗarin ya kusa ninkawa ga masu kumburin, ya kuma fi haka ga waɗanda ya yi ta dawo musu. Amma a 2017 Dokta Christina Rasmussen ta ƙasar Denmak da abokanta suka haɗa bincike 13 wuri ɗaya, ba su ga alaƙa da ainihin sankarar ba. Inda suka ga alaƙa shi ne wani tsiro mai sauƙi, wanda ke tsakanin sankara da ƙari marar illa, musamman ga matan da suka yi kumburin sau biyu ko fiye.

Hanya ta biyu ita ce ta jini. Duk sa'ad da ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki takan ƙera mata makami na musamman, makamin nan kuwa yakan zauna cikin jini shekaru bayan cutar ta wuce, kamar sawun ɓarawo a bayan gida. Farfesa Ness ta auna wannan sawu a jinin matan tsibirin Hawai a 2003 ta ga alamar alaƙa, amma da ta sake a wani bincike mafi girma a 2008, alamar ba ta fito ba.

A 2019 aka sami rahotanni biyu da suka ja hankalin duniya. Dokta Britton Trabert ta cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka ta auna jinin mata a ƙasar Folan da kuma na wasu a Amurka. A rukunan biyu duka, matan da sawun kilamidiya ya yi ƙarfi a jininsu sun kusa ninka sauran wajen haɗari. Muhimmancin rukunin Amurka shi ne an ɗibi jininsu an ajiye tun kafin ciwon ya bayyana. Ita kuma Dokta Renée Fortner ta cibiyar Haidelbag a Jamus ta duba jinin ma'aikatan jinya na Amurka, waɗanda ake bin lafiyarsu shekara da shekaru, mata 337 da suka kamu da irin adadinsu da ba su kamu ba. Ita ma ta ga haɗarin ya ninka ga masu sawun kilamidiya. Ta kuma ga alama makamanciyar wannan ga wata ƙwayar saduwa da ake kira maikofilazma. A binciken biyu duka ba a ga hannun HPV ba.

Da a nan aka tsaya, da an ce magana ta ƙare. Amma a 2020 Dokta Annika Idahl ta Jami'ar Umeya a Suwidin ta fitar da sakamakon wani bincike mafi girma na ƙasashen Turai, mai mata 791 da suka kamu. Da aka haɗa ire-iren sankarar duka, ba a ga alaƙa da sawun kilamidiya ba, sai a wasu rassa kawai. A 2023 kuma aka duba jinin da aka ɗiba daga mata masu ciki a ƙasar Finlan aka ajiye shekaru masu yawa, nan ma ba a ga alaƙar ba.

DALILIN SAƁANI

Me ya sa masana masu kayan aiki iri ɗaya suke samun amsa daban daban? Da farko dai, abin da ake kira sankarar gidan ƙwai ba ciwo ɗaya ba ne. Manyan ire-irensa biyar ne, kowanne da inda yake tsirowa da abin da ke tada shi. In aka zuba su a kwando ɗaya, alamar da ke jikin guda sai ta ɓace cikin sauran. In kuwa aka rarraba su, sai kowane kashi ya yi ƙanƙanta har lissafi ya kasa tsayawa.

Sa'an nan sawun da ke cikin jini yana nuna cewa ƙwayar ta taɓa shiga jiki, amma ba ya faɗin ko ta tsaya a bakin mahaifa ne ko ta hau har bututu, alhali kuwa hawan shi ne abin nema. Tambayar mace ko ta taɓa yin kumburin mara ma ba ta cika fid da gaskiya ba, tun da da yawa sun yi ba su sani ba. Binciken Taiwan kuma shekara uku kaɗai aka bi matan, saboda haka mai yiwuwa ne wasu da aka rubuta musu kumburin mara, farkon sankarar ce aka ɗauka kumburi.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya. Kilamidiya tana toshe bututu, toshewar bututu tana hana haihuwa, rashin haihuwa kuwa shi kansa yana ƙara haɗarin sankarar. To, ƙwayar ce ta yi ɓarnar da hannunta, ko kuwa ta hana mace kariyar da goyon ciki ke bayarwa ne? Masu bincike sukan yi ƙoƙarin ware wannan a lissafinsu, amma warewar ba ta cika fita sarai ba.

A ɗakin gwaji dai an kama kilamidiya da halaye masu sa zargi. Masanan cibiyar Max Planck da ke Balin sun nuna tana jawo karyewar zaren gado na ƙwayar halittar da ta shiga, tana kuma raunana wani mai gadi da ake kira p53, wanda aikinsa shi ne ya sa ƙwayar halittar da ta lalace ta mutu kafin ta yaɗu. Ita tana yin haka ne don kada ɗakin da take ciki ya rushe. Abin lura shi ne, wannan mai gadi an same shi a lalace a cikin fiye da 95 bisa 100 na sankarar nan mai tashi daga bututu. Duk da haka, abin da aka gani a kwalba ba lalle ne ya zama shi ke faruwa a jikin mace ba. Kusan kowace sankarar bakin mahaifa in aka yanka ana samun HPV a ciki, amma ba a samun kilamidiya haka a tsiron gidan ƙwai. Hukumar nan ta Liyon ba ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo wannan ciwo ba.

KADA TSORO YA YI YAWA, KADA ZARGI YA SHIGO

Kalmar ninki tana da ban tsoro, amma a duba abin da ake ninkawa. A ƙasashen da ake da cikakken lissafi, cikin mata ɗari, ɗaya ko biyu ne kan kamu da sankarar gidan ƙwai a tsawon rayuwarsu. Ko da maganar ninkin ta tabbata, adadin zai koma biyu zuwa huɗu ne. Watau fiye da casa'in da biyar cikin ɗari na matan da suka taɓa ɗaukar kilamidiya ba za su taɓa ganin wannan ciwo ba.

Wajibi ne kuma a ja kunnen jama'a kan zargi. Macen da aka ce tana da sankarar gidan ƙwai, babu wanda yake da hujjar ya kalle ta da idon tuhuma, ko a yi ta raɗa a gidan biki. Ciwon yana kama budurwa da tsohuwa, yana kama wadda ta gada daga uwa ko uba, ya fi kuma yawa bayan ɗaukewar haila. Ko wadda aka samu da kilamidiya ma, sau da yawa a ɗakin aurenta aka kawo mata ita. Wadda ke fama da ciwo mai nauyi irin wannan, jinya da tausasawa take bukata daga miji da dangi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ko da an wanke kilamidiya daga laifin sankara gobe, laifin da aka riga aka tabbatar mata ya isa a yaƙe ta. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1985 kan ma'aurata masu neman haihuwa ya nuna kusan rabin matan Afirka da aka auna bututansu biyu a toshe suke, alhali a ƙasashen da suka ci gaba wajen ɗaya ce cikin goma. Mata nawa aka yi wa gorin juya, aka yi musu kishiya ko aka sake su, a kan cutar da magani na mako ɗaya zai kashe?

Maganinta kuwa yana da sauƙi. Likita yakan ba da doksisaikilin na kwana bakwai, mai ciki kuma a ba ta azitromaisin. Ciwon sanyi allurar seftiriyakson ake yi masa, domin tun 1976 aka fara samun irinsa da ba ya jin fenisilin. Sharaɗin shi ne a sha maganin har ƙarshe, a ƙaurace wa juna har a gama, a kuma yi wa miji da dukan matansa a lokaci ɗaya. In aka yi wa amarya aka bar uwargida, ko aka yi wa mata aka bar maigida, cutar zagayowa za ta yi, kowace dawowa kuwa tana ƙara wa bututu tabo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Namijin da ya ji zafin fitsari ko ya ga ruwa na fita, ya je asibiti ya kuma kai iyalinsa.

Al'adar nan ta kiran kowane ƙaiƙayi da fitar ruwa da sunan sanyi, a je kemis a sayi kafso biyu, ko a tsaya wurin mai tallar magani da lasifika a tasha, tana da haɗari. Alamar takan lafa, ƙwayar kuwa tana nan tana hawa. Kilamidiya da ciwon sanyi ba a ɗaukarsu a masai ko a ruwan wanka. Ta saduwa suke yaɗuwa, sai kuma jariri da kan ɗauka wajen haihuwa, ya sami ciwon ido ko na huhu. Kame kai da tsare amanar aure su ne babbar kariya, kwaroron roba kuma yana tare su.

Allurar rigakafin HPV da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023 tana kare bakin mahaifa, abin a kai yara ne a yi musu. Amma ba ta kare gidan ƙwai, haka nan gwajin bakin mahaifa ba ya gano sankararsa. Har yanzu ba a sami awon da za a riƙa yi wa mata masu lafiya don kama ta da wuri ba. A Birtaniya an bi mata sama da 200,000 ana yi wa wasu gwajin jini da hoton ciki kowace shekara, sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna mutuwar ba ta ragu ba.

Saboda haka abin dogara shi ne lura da jiki. Macen da ta ga cikinta na kumbura ba ya saɓewa, tana ƙoshi da loma kaɗan, marar ta na ciwo, ko fitsari na yawan matsa ta, abin kuma ya ɗauki makonni yana maimaituwa, musamman in ta haura shekara arba'in ko akwai sankarar mama a danginta, ta nemi likitan mata ba da jinkiri ba. In aka kama ciwon tun bai fita daga gidan ƙwai ba, wajen tara cikin goma sukan wuce shekara biyar da rai. In ya riga ya bazu cikin ciki, waɗanda ke kai haka ba su fi uku cikin goma ba.

Saura aikin hukuma. Manyan binciken nan galibinsu a Turai da Amurka da Taiwan aka yi su, alhali ciwon bututu ya fi addabar matan Afirka. Tun 1960 aka buɗe rajistar masu ciwon daji a asibitin koyarwa na Ibadan, wadda tana cikin na farko a nahiyar. Ya kamata ma'aikatun lafiya na tarayya da na jihohi su ƙarfafa irin wannan rajista a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da sauran manyan asibitoci, su kuma kai kayan gwajin kilamidiya asibitocin da mata ke zuwa awon ciki, a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye masu ita.